Darasin Wannan Juma'a: Yadda Jadawalin Kwamfuta Zai Riƙa Nuna Maka Kayan Da Wa'adinsu Ya Kusa Ƙarewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Darasinmu na yau na masu shago ne, da masu kemis, da masu sayar da iri da maganin feshi, da kuma iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida. Mafi yawanmu a nan Jigwada da sauran unguwannin Keffi neman halali ne ya raba mu da gida. Jarin da ke hannun da yawa daga cikinmu ma ba namu ba ne, na uban gida ne ko na dila da ya ba da kaya bashi. To, akwai wata asara da take shigowa ba sallama: katan ɗin madara ko tumatirin gwangwani ya kwana a ƙarshen sito, sabon kaya ya zo an jibga a gabansa, ranar da za a ciro shi sai a ga wa'adinsa ya wuce, wato ya yi ekspaya kamar yadda muke cewa a kasuwa.

Abin da addini ya ce

Idan haka ta faru, mai kaya yana tsakanin abu biyu: ya haƙura da asara, ko ya tura wa mai saye ba tare da ya sani ba. Na biyun algus ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tulin ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai yin algus. Malamanmu na Malikiyya kuma sun yi bayani cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Goge kwanan wata ko liƙa sabo a kansa ya fi ɓoyewa muni, domin ƙarya ce a rubuce.

Ta fuskar doka ma haka ne. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da abinci da magunguna da sinadarai a Najeriya, kuma tana ƙwace kayan da suka wuce wa'adi ta lalata su, ta rufe shago. Amma kafin hukuma akwai jaririn da za a dama wa madarar, da mara lafiyar da zai sha maganin da ƙarfinsa ya ragu. Hanyar tsira ita ce ka san kayan tun da sauran lokaci. A nan ne jadawali zai taimaka.

Fara da karanta abin da ke jikin kaya

Za ka ga rubutu iri uku. MFG ko MFD ranar da aka yi kayan ce, kada ka rikita ta da ranar ƙarewa. EXP ranar ƙarewa ce, bayanta ba a amfani da kayan. BB ko Best Before na nufin kamfani ya tsaya wa ingancin kayan zuwa wannan rana. Ga ɗan kasuwa, da EXP da BB duk iyaka ce, kada ka bar kaya su tsallake ta a kan kanta. Idan wata da shekara kawai aka rubuta bayan EXP, kamar 08/2027, yawanci ana nufin ƙarshen watan, sai ka rubuta 31/08/2027. Akwai kuma lambar rukuni, wadda ake rubutawa BN ko Batch No. Ita ma ka ɗauke ta, don dila zai tambaye ka idan za ka mayar da kaya.

Gina jadawalin

Za ka iya amfani da Excel ko Google Sheets. Ya fi sauƙi a shirya shi a kwamfuta sau ɗaya, ko a shagon buga takardu ne, daga nan ka riƙa buɗewa a waya. Idan ɗanka ko ƙaninka yana Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, aikin rabin awa ne a wurinsa.

A layin farko na kwance rubuta kanun nan, kowanne a gidansa. A1: Sunan kaya. B1: Yawa. C1: Lambar rukuni. D1: Ranar ƙarewa. E1: Kwanakin da suka rage. Daga layi na 2 zuwa ƙasa sai kaya. Ka kiyaye wannan: kowane rukuni da layinsa. Idan kana da madara iri ɗaya da ka saro sau biyu, kuma ranakunsu sun bambanta, layi biyu za ka ba su.

A gidan E2 rubuta wannan lissafi:

=D2-TODAY()

Kalmar TODAY tana ɗauko kwanan watan yau daga na'urar, kuma kullum ka buɗe jadawalin sai ta sabunta kanta. Ja lissafin zuwa ƙasa ya shiga sauran layuka. Idan ka ga ya fito da kwanan wata maimakon adadi, zaɓi layin E na tsaye ka mayar da tsarinsa Number.

Dalilin da ya sa ake iya ɗebe rana daga rana shi ne, a wurin kwamfuta kwanan wata lamba ce kawai. Excel yana fara ƙirga daga 1 ga Janairu 1900 a matsayin lamba 1, don haka 1 ga Janairu 2025 lamba 45658 ce. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sa launi bisa sharaɗi

Yanzu za mu ba jadawalin umarni uku: abin da ya wuce wa'adi ya zama ja, abin da ya rage masa kwana 30 ko ƙasa ya zama ruwan goro, abin da ya rage masa kwana 90 ko ƙasa ya zama ruwan ɗorawa.

Zaɓi daga A2 har zuwa E500. A Google Sheets danna Format, sannan Conditional formatting, a cikin jerin sharuɗɗan ka zaɓi Custom formula is. A Excel kuwa danna Home, sai Conditional Formatting, sai New Rule, ka zaɓi wanda ya fara da Use a formula. Sai ka shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da launinsa.

Na ja:
=AND($D2<>"",$D2<TODAY())

Na ruwan goro:
=AND($D2<>"",$D2<=TODAY()+30)

Na ruwan ɗorawa:
=AND($D2<>"",$D2<=TODAY()+90)

Fassarar na biyu da Hausa ita ce: idan gidan D ba fanko ba ne, kuma ranar da ke ciki ba ta wuce yau da ƙarin kwana 30 ba, to shafa launi. Alamar dala da ke gaban D ita ke sa kowane gida a layin ya kalli ranar ƙarewa, shi ya sa layin gaba ɗaya yake ɗaukar launi har da sunan kayan. Kada ka sa alamar a gaban 2, in ba haka ba duk layuka za su riƙa kallon layi na 2 kaɗai.

Bari mu gwada. A ƙaddara yau 10 ga Maris 2027. Taliya mai ranar 28 ga Fabrairu za ta nuna -10, ja. Madara mai 25 ga Maris za ta nuna 15, ruwan goro. Tumatir mai 30 ga Afrilu zai nuna 51, ruwan ɗorawa. Sabulu mai 31 ga Disamba ba zai ɗauki launi ba. Idan naka ya yi irin haka da ranakun da ka gwada, aiki ya yi.

Wurare huɗu da ake tuntuɓe

Na farko, jerin sharuɗɗan. Kayan da ya riga ya wuce wa'adi ya cika sharuɗɗan nan uku duka, kuma wanda ke sama shi ke rinjaye. Saboda haka ja ne a sama, ruwan goro a tsakiya, ruwan ɗorawa a ƙasa. Idan ka juya su, kayan da ya lalace zai fito da ruwan ɗorawa ka ɗauka da sauran lokaci. A Excel ana gyara jerin ta Manage Rules, a Google Sheets kuma jan su ake yi sama ko ƙasa.

Na biyu, kuma shi ya fi haɗari, rana da wata. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata. A Amurka wata suke farawa da shi, kuma na'urori da yawa da tsarin Amurka suke zuwa. Ka rubuta 03/10/2027 kana nufin 3 ga Oktoba, kwamfuta ta karanta 10 ga Maris. Ko ka rubuta 10/03/2027 kana nufin Maris, ta ɗauka Oktoba, kaya su lalace jadawali bai ce uffan ba. Maganinsa a Google Sheets: File, Settings, ka mayar da Locale zuwa United Kingdom. A Excel tsarin yankin kwamfutar ake gyarawa. Sannan ka sa layin D ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, don idonka ya tabbatar.

Na uku, ranar da kwamfuta ba ta gane ba. Idan ka rubuta "ƙarshen Agusta" ko wani salon da ba ta sani ba, rubutu kawai za ta ɗauke shi, ba za ta yi lissafi da shi ba. Alamar ganewa: kwanan wata na gaskiya yana jingina da gefen dama na gidan, rubutu kuwa gefen hagu.

Na huɗu, gidan da babu komai. Kwamfuta tana ɗaukar fanko a matsayin sifili, sifili kuwa rana ce ta fiye da shekara ɗari baya, sai duk layukan da ba ka cike ba su yi ja. Ɓangaren farko na sharaɗin nan shi ke hana wannan, kada ka cire shi.

'Yan'uwanmu na Nijar da kwamfutarsu ke da Faransanci: a Excel ɗinku TODAY sunanta AUJOURDHUI, AND kuma ET, sannan waƙafi mai ɗigo ake sawa a madadin waƙafi.

Idan launi ya fito, sai me?

Launi ba ya sayar da kaya. Ware rana ɗaya a mako, misali safiyar Asabar, ka jera jadawalin bisa layin D, mafi kusa a sama.

Ruwan ɗorawa: dawo da kayan gaban kanta, kada ka saro irinsa tukuna, kuma ka kira dila tun yanzu ka ji ko zai karɓa ko ya canza. Wannan maganar an fi yin ta ranar sari, a yi sharaɗi tun farko. Ƙa'idar ita ce wanda zai fara ƙarewa shi zai fara fita, ko da shi ya zo daga baya.

Ruwan goro: rage farashi, ka gaya wa mai saye dalili, ka nuna masa ranar. Wannan ciniki halal ne. A ce katan naira dubu arba'in ka saro shi, ka sayar dubu talatin da huɗu, ka yi asarar dubu shida, ka tsira da sauran. Idan ka ga ba zai fita ba, ba da shi sadaka ga gidan da za su cinye kafin ranar.

Ja: sauke shi daga kanta yau. Ba a sayarwa, kuma ba a bai wa almajirai ko makarantar Islamiyya da sunan sadaka, domin a cikin Suratul Baƙara an hana mu zaɓen mummuna mu ciyar da shi. Magani da maganin feshi kada a jefa su a bola inda yara ke tsince, a mayar wa dila ko a tuntuɓi NAFDAC.

Kwana 30 da 90 ba wahayi ba ne. Mai burodi da yogot zai sa 2 da 5. Mai kemis zai iya sa 90 da 180, don wanda ya sayi magani yana iya ajiye shi watanni. Lambar kawai za ka canza.

A kuma tuna ranar da ke jikin kaya ta dogara da ajiya mai kyau. Magunguna da yawa an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali kun san yadda kwantena ko shagon kwano yake a Keffi cikin Maris da Afrilu. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a cire shi ko jadawali bai ba shi launi ba.

Takardun gida ma su shiga

Buɗe shafi na biyu da sharuɗɗan nan don takardu: kuɗin hayar shago, takardun mota da na babur masu ƙarewa duk shekara, lasisin tuƙi, lasisin kemis, da fasfo. Mai niyyar Umara ko Hajji ya sa wa fasfo gargaɗin kwana 270, domin Saudiyya tana buƙatar ya zama da sauran aƙalla wata shida. Kuma ɗan kasuwar da kayansa ke shiga suna fita, wanda zai ƙiyasta kuɗin hajarsa idan shekarar zakka ta cika, zai ga amfanin samun komai a rubuce wuri ɗaya.

Wanda ba shi da kwamfuta ko babbar waya, littafi mai shafi goma sha biyu ya isa: kowane wata da shafinsa, ka rubuta kaya a watan da za su ƙare, ka riƙa duba shafuka uku na gaba. Aikin wannan mako: fara da kaya ashirin da suka fi cin jarinka, ka shigar da su kafin Juma'a mai zuwa. Wanda ya iya kuma ya zauna da maƙwabcinsa na kasuwa ya nuna masa.

Allah Ya sa albarka a neman mu, Ya tsare mu daga haram da cin amanar mutane, Ya jiƙan iyayenmu, Ya kai mu gida lafiya mu tarar da iyali lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.