Lissafin Katakon Rufi Kafin A Tafi Kasuwa

Darasinmu na yau na masu gyaran shago da rumfa ne kafin damina, daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa. Katakon rufi galibi ƙafa 12 ake yanka shi a kasuwa. Mutum ya auna faɗin shagonsa ya ga ƙafa 12, sai ya saya, ya biya mota, kafinta ya hau ya ce bai kai ba. To, me ya jawo?

Katakon a karkace yake kwanciya don ruwa ya gangara. Shi da faɗin shago da ratar da bangon baya ya ba na gaba, su uku sun yi alwatika mai kusurwar sukwaya, kuma gefen da ya karkata kullum shi ne mafi tsawo. Ka'idar ana danganta ta ga Fisaguras, Bagirke, ko da yake mutanen Babila sun san ta fiye da shekara 1000 kafinsa. Ga ta: a buga kowane gajeren gefe da kansa, a haɗa, abin da ya fito daidai yake da dogon gefe in an buga shi da kansa.

Mu gwada. Faɗi 12, rata 3. 12 sau 12, 144. 3 sau 3, 9. Jimla 153. Wace lamba za a buga da kanta ta ba da 153? 12 ta ba da 144, 12 da rabi ta ba da 156 da kwata. Ashe tana tsakani, wajen ƙafa 12 da inci 4. Ban da abin da zai leƙo waje ya kare bango daga feshi.

In kuwa ginin bai tashi ba tukuna, debewa za a yi: 144 a cire 9, saura 135, wato ƙafa 11 da inci 7. Mu dai shawararmu a tsaya a ƙafa 10 da rabi daga bayan bango zuwa bayan bango, katako ɗaya ya isa har da leƙe, ba sai an yi ƙari ba.

Amma fa sai kusurwa ta yi daidai. Tun a tushe magini ya auna ƙafa 3 a wannan igiya, 4 a waccan. In tsakaninsu ya ba da 5 cif, a ci gaba da haƙa. In ba haka ba, a gusar da turke.