Tattalin Guzuri ga Ɗalibi a Ƙasar Waje

A shekarar 2024 Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke Abuja ta rage kuɗin wata na ɗaliban Nijeriya da ta tura ƙasashe irin su Rasha da Maroko, daga dala 500 zuwa dala 220. Ɗalibin da ya saba da ɗari biyar, tilas ya sake lissafi.

Ran da kuɗi suka zo hannu, kuɗin ɗaki ne farkon abin fitarwa, domin mai gida ba ya sauraren uzuri. Sa'an nan a sayi shinkafa da mai na wata guda, mutum uku ko huɗu su haɗa tukunya, gama cin abinci a waje shi ke saurin cinye guzuri. A Rasha kuwa, a tanadi rigar sanyi tun kafin hunturu ya kama.

Abin da ya fi wuya shi ne jinkiri, don kuɗin gida kan yi watanni ba su iso ba. Saboda haka ko dala 20 ce a ware ta kowane wata, kada a taɓa ta don sayen waya ko aike gida, sai ran da wata ya ƙare ba labarin kuɗi.