Kyauktada: Unguwar da Gine-ginenta Suke Ba da Tarihin Bama

 Da yawanmu mun taɓa jin labarin yaƙin Bama, inda sojojin Nijeriya suka je a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1989 aka sauya wa ƙasar suna zuwa Myanmar, birninta mafi girma kuma, Rangun, ya koma Yangon. Yau za mu leƙa wata unguwa a tsakiyar wannan birni mai suna Kyauktada.

A wani shataletale na unguwar akwai wurin ibadar mabiya addinin Buda da ake kira Sule. Kada wani Sule a ajinmu ya ce nasa ne! Mutanen wurin sun ce sunan wani iska ne da ke cikin labaransu na gargajiya. Ginin dogo ne mai kusurwa 8, an lulluɓe shi da ruwan zinariya. Sun kuma yi imani cewa ya haura shekara 2,000, kuma akwai gashin Buda a cikinsa.

Turawan Ingila sun ci birnin da yaƙi a 1852. Da suka zo shata sababbin tituna, sai suka mai da Sule cibiya, suka ja layuka a miƙe daga nan. Shi ya sa manyan gine-ginen mulki suka taru a kusa da shi. Akwai Babbar Kotu ta jan bulo mai hasumiyar agogo, wadda aka gama a 1911. Akwai ofishin hukumar birni na 1936, mai rufi hawa-hawa irin na mutanen ƙasar. Ɗan taku kaɗan kuma za ka ga masallaci da coci.

Daura da Sule akwai lambun Maha Bandula. Sunan wani jarumin soja ne da ya yaƙi Turawa har aka kashe shi a 1825. A da, gunkin Sarauniya Biktoriya ne a tsakiyar lambun. Yanzu doguwar hasumiyar 'yanci ce a wurin, don tunawa da ranar 4 ga Janairu, 1948. Kuma duk sa'ad da jama'a suka fito neman haƙƙinsu, kamar a 1988 da 2007 da 2021, sukan taru ne a kewayen Sule.

To amma akwai matsala. Ruwan damina yana cin tsofaffin gine-ginen birnin, masu kuɗi kuma sun rushe wasu don su gina dogayen benaye. Saboda haka a 2012 aka kafa wata ƙungiya mai suna Yangon Heritage Trust. Ta riƙa liƙa shuɗin allo a jikin gini mai tarihi, ɗauke da labarinsa, don mai wucewa ya karanta ya san darajarsa.

Abin da na koya shi ne, in aka rushe tsohon gini, labarinsa ma yakan tafi da shi. Ga aikin gida: kowa ya nemo gini mafi tsufa a unguwarsu, ya tambayi wani dattijo wa ya gina shi, kuma yaushe. Ku kawo amsoshinku mu liƙa a wannan bango mako mai zuwa.