Filin Gwaggo: Miya Daga Tsakar Gida

Tumatirina ya yi fure, bai yi 'ya'ya ba

 Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a gidan haya a Kurna, cikin Kano. Albashin maigidana ba ya kai mu ƙarshen wata, kuɗin cefane kuma a kayan miya yake ƙarewa. Da bazarar da ta wuce na sayi irin tumatir na shuka a tsofaffin bokitai shida. Ya tashi kore shar, ya yi fure, sai furen ya dinga zubewa, ko ƙwaya ɗaya ban tsinka ba. Ga kuɗin da na kashe wajen 'yan garuwa. Yanzu maigida ya ce asara ce kawai, wai ina mace ina noma, balle a tsakar gidan siminti. Maganar ta tsaya mini a rai. In haƙura ne, ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Maman yara huɗu, Kano

 Kada ki haƙura, kuma ki daina zargin hannunki. Shukar da ta tashi har ta yi fure ta samu kulawa, lokaci ne bai yi mata ba. Tumatir ɗan sanyi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai huce ba, furen ba ya zama ɗa, sai ya bushe ya faɗi, kuma kin san Kano a watan Afrilu tana taɓa digiri 40. Shi ya sa manoman Kadawa da na Ɗanja suke dashe bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba da Nuwamba, kwanduna su cika kasuwa a Janairu da Fabrairu.

Ki duba abin da hakan yake nufi ga aljihunki. Lokacin da tumatir zai yi miki kyau a gida shi ne lokacin da ake araharsa a kasuwar 'Yankaba. Lokacin da tsadarsa take sa uwargida tagumi, daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina, a lokacin ne ba ya son fitowa. Don haka ni ba na ba mai ƙaramin fili shawarar ta fara da shi. In ya yi araha ki sayi abin da ya sawwaƙa, ki yanka, ki shanya a kan tabarma mai tsabta inda ƙura ba ta kaiwa, ki adana kauɗarki. Tsakar gidan kuwa ki bar wa ganye.

Fara da alayyahu, domin shi ne mai saurin share hawaye. Ki nemi buhunan shinkafa ko na masara da aka gama da su, ki huda gindinsu wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya, in ƙasar mai danƙo ce ki ƙara ɗan yashi. Takin nan sai wanda ya kwana biyu, ya ruɓe, ya yi baƙi, warinsa ya mutu. Kashin awaki ko na shanu ya yi, amma ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi. Kada ki ajiye buhun a kan siminti kai tsaye, ki ɗora shi a kan bulo ko duwatsu, saboda siminti da rana tsaka yana dafa saiwa. Ki zaɓi gefen da yake samun hantsi sosai, ya kuma samu inuwa idan rana ta take.

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, sai ki cuɗa shi da yashi a tafin hannu ki yayyafa, ki rufe da ƙasa kaɗan. Cikin kwana huɗu ko biyar za ki ga tsiro, mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. Kada ki tuge shi da saiwa. Ki yanke sama, ki bar kara kamar tsawon yatsa, zai sake tohowa har sau biyu ko uku. Kuma kada ki shuka duk buhunan rana ɗaya, ki riƙa sa mako biyu tsakaninsu, don kada ya taso miki gaba ɗaya ki rasa yadda za ki yi da shi, bayan nan kuma ki zauna babu. Rama da yakuwa da lalo duk haka suke, ba su da fushi. Kuɓewa ita zafin ma take so: gindi biyu a buhu ɗaya, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu kafin ta ƙosa. Gindin albasar da kike yankewa ki zubar, in kin dasa shi zai ba ki lawashi.

Yanzu maganar ruwa, don a nan maigidanki yana da gaskiya. Lambun da za a riƙa saya wa jarka kullum bai rage wa gida komai ba. Ki ajiye bokiti guda a gefen da kuke alwala, ki tara ruwan, ki haɗa da na wanke shinkafa da na wanke kayan miya. Gidan mutum shida da suke salla biyar a rana suna zubar da ruwan da zai riƙe buhu huɗu. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, kada ya je kusa da shuka. Ki yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa, ko busasshiyar ciyawa, za ki ga damshi yana kwana. Ki kuma janye buhunan daga jikin bango, kada damshi ya ci ginin mutane ki shiga rigima da mai gidan haya.

Shi kuwa maigida, kada ki ja magana da shi, kuma a wannan karon kada ki nemi ko sisi a hannunsa. Mutumin da albashi ya gaza masa, duk kuɗin da ya ga ya fita bai dawo ba yana yi masa ciwo, zafin hakan ne ya fito a bakinsa. Batun ina mace ina noma kuwa, shi ma in ya tuna gidan kakarsa zai ga kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, kabewa ta hau danga. Mata ne suke shuka su tun fil azal. Ko a 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, abin da aka roƙi mutanen birni ke nan, kowa ya noma ɗan filin gidansa. Ba zan ce miki buhu huɗu za su raba ki da kasuwa ba, hatsi da mai da gishiri suna nan daram. Amma miyar ganye sau biyu ko uku a mako ba tare da an aiki yaro bakin titi ba, wannan yana hannunki. Ranar da kika fara yanka, ki yi miyar taushe ki kai masa, sai ya ci ya wanke hannu sannan ki gaya masa daga ina ganyen ya fito.

Maƙwabta sun mai da zogalena na kowa

Gwaggo, barka da aiki. Mijina ya rasu shekara uku ke nan, ya bar ni da marayu. Ina da gindin zogale goma sha biyu a bayan gida, da su nake yin kwaɗo yarinyata ta kai talla, mu samu na sabulu da na makaranta. To kullum sai an aiko yaro, wai a sammana zogale. Wasu ma ba sa sallama, ta kan katanga suke fige reshe. Ga akuyar gidan da ke jikin namu ta shigo sau biyu ta cinye dashen da na yi. In na hana a ce na cika rowa, in na yi shiru mu kwana da yunwa.

Wata uwar marayu, Maraɗi

Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari, 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, raina bai yi daɗi ba. Haƙƙin maƙwabtaka gaskiya ne, amma ba ke kaɗai ya hau ba, su ma ya hau kansu, kuma abincin maraya ba abin wasa ba ne. Ina kyautata zaton da yawansu ba mugunta suke yi ba. Mun saba ganin zogale a matsayin itacen shinge, wanda kowa yake miƙa hannu ya figa, ba su san naki jari ba ne. A ƙasarku kuwa, inda manoman Jiratawa suke noma shi gona guda suna kai wa kasuwa buhu-buhu, bai kamata a ce sai an yi dogon bayani ba.

Ki faɗa musu da bakinki, ba ta bakin yara ba. Ki shiga gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ki gaisa, ki ce zogalen nan da shi nake riƙe marayu, na ware ranar Juma'a, duk mai so ya aiko zan ɗiba masa, sauran ranaku na sayarwa ne. Mai kunya zai gane nan take. Kuma kada ki je hannu rabbana, ki tafi wa kowane gida da reshe mai kauri, tsawon kamu biyu, ko 'ya'yan iri cikin ƙullin leda. In aka binne kashi ɗaya cikin uku na reshen a farkon damina, zai kama. Wadda take da nata gindin ba za ta ƙara aiko miki yaro ba.

Masu fige ta kan katanga, maganinsu yana tare da maganin yawan ganye. Ki daina barin zogalen yana miƙewa sama. Ki datse shi daidai ƙugunki, zai yi rassa ta ko'ina, ganye ya ninku, hannunki ya kai, na waje bai kai ba. In ya yi yawa da damina ki shanya a inuwa, kada a rana, ki ajiye wa rani lokacin da yake kuɗi.

Akuya kuwa, ki kewaye sabon dashe da ƙaya ko karan dawa, sannan ki gaya wa mai ita sau ɗaya cikin mutunci. In ta sake shigowa, ki kai maganar wurin mai unguwa ko limamin masallacinku. Ɗaure dabba nauyin mai ita ne, kuma neman haƙƙin marayu ba rowa ba ce.

In fesa fiya-fiya?

Gwaggo, ni ɗalibi ne. Na yi ɗan lambu a bayan ɗakin mahaifiyata, akwai tumatir da kabeji da latas. Tsutsa ta huhhuda kabejin, ganyen tumatir kuma ya yi fari-fari kamar an ƙona shi. Abokina ya ce in fesa fiya-fiya irin ta sauro.

Ɗalibi daga Zariya

A'a, ɗana, kada ka kuskura. Guba ce mai ƙarfi, kai kuma latas da kabeji ɗanye za ku ci da mahaifiyarka. Lambun bayan ɗaki bai fi ƙarfin hannu ba: ka fito da sassafe, ka juya ganyen kabeji, ka tsince tsutsar da ƙwayayenta. Sannan ka samo 'ya'yan darbejiya busassu, ka ɓare, ka daka kimanin rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana. Da safe ka tace da tsumma, ka narka ɗan sabulun wanka a ciki don ya kama ganye, ka fesa da yamma, sama da ƙasan ganyen, sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, don haka sai ka jure.

Na tumatirin ya fi ba ni tsoro. Ka ɗaga ganyen ka duba shi a hasken rana. In ka ga wata 'yar tsutsa a cikin naman ganyen, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, to ita ce wadda manoma suke kira sharon, wadda ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Feshi ba ya saurin kai mata tunda a ɓoye take. Ka cire duk ganyen da ta shiga ka ƙona, kada ka zuba a juji, gindin da ya lalace gaba ɗaya kuma ka tuge shi. Tunda a Zariya kake, ka sa ganye biyu ko uku a leda ka kai wa malaman gona na cibiyar binciken aikin noma da ke Samaru, su duba su tabbatar maka kafin ka sayi kowane magani.