Me ya sa Super Eagles ke baya alhali matasa na haskakawa?

Tambayar ta zo daga wani mai sauraro a Sabon Birnin Gobir, Allah ya saka masa da alheri. Yana son sanin dalilin da ya sa Najeriya ke fice a ƙwallon matasa, amma babbar tawagarta ta kasa zuwa gasar kofin duniya ta Qatar a 2022.

Hazaƙa dai akwai ta. Golden Eaglets sun ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, na ƙarshe a 2015, gasar da ta fito da Victor Osimhen. Matsalar tana wajen reno. Reno na buƙatar fili, da ƙwararren mai horarwa, da gasar makarantu da ba ta yankewa. A Sabon Birni da Isa, matsalar 'yan bindiga ta sa tafiya zuwa Sakkwato ta zama kasada, don haka masu farautar 'yan wasa ba sa isa ga yaran ƙauyuka. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, ta Kano Pillars ya bi ya kai Super Eagles. Irin wannan tsani daga unguwa zuwa babban kulob shi ne yaran gabashin Sakkwato suka rasa.