Motsa Jiki Cikin Natsuwa: Darasi Domin Ƙarfin Ƙugu Da Baya

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Manomin da ke wuni a sunkuye a fadamar Kogin Jama'are kusa da garin Katagum, da telan da ke zaune kan keke a kasuwar Azare, da uwargida mai daka da ɗaukar ruwa, duk kukansu ɗaya ne, watau ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi. Wanda kuwa bayansa ya kwantar da shi da damina, to, rumbunsa zai shaida da kaka.

Dalilin Wannan Motsi

Ƙashin baya kamar ginshiƙin ɗaki yake. Tsokokin ciki da na ƙugu da na baya su ne ke tallafe da shi. Idan suka yi rauni, nauyin aiki sai ya koma kan gaɓoɓin ƙashin. Saboda haka ne aka tsara wani irin motsa jiki wanda babu gudu babu tsalle, ana yinsa a hankali, hankalin mutum yana kan numfashinsa. Wani Bajamushe mai suna Joseph Pilates, wanda aka haifa a 1883, ya rasu a 1967, shi ya yaɗa irin wannan tsari a birnin New York na Amurka. Tabarma kaɗai ake bukata.

Matakai Uku Na Farawa

Na ɗaya, numfashi. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa yana ƙasa. A shaƙi iska ta hanci, sa'an nan a fitar da ita sannu ta baki, ana janye cibiya ciki kaɗan. A maimaita sau 10.

Na biyu, gada. Daga wannan kwanciya a ɗaga ƙugu sama har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su daidaita. A ƙirga biyar, a sauko a hankali. A yi sau 8.

Na uku, rarrafe. A durƙusa bisa gwiwoyi da tafin hannu. A miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ba tare da bayan ya lotsa ba. A ƙirga biyar, a sauya. A yi sau 5 kowane gefe.

Lalle ne kada a riƙe numfashi. Minti 10 bayan sallar asuba, kafin karin kumallo da zafin rana, sun wadatar ga mai farawa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya yi motsin ƙarfafa tsoka kwana 2 ko fiye a mako, ya haɗa da aƙalla minti 150 na irin tafiya da sauri.

Gargaɗi

Mai juna biyu, da mai jego, da mai ƙaba, da mai hawan jini, da wanda aka yi wa tiyata, su nemi shawarar likita tukuna. Duk motsin da ya jawo zafi mai tsanani a dakatar da shi. Idan ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a garzaya asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare ko asibiti mafi kusa.

Ana roƙon malamai da masu unguwanni su karanta wa jama'a wannan darasi. Wanda ya fara ya daure, gama sannu ba ta hana zuwa.