Man Fetur da Kasuwar Duniya: Ina Muka Dosa?

Kowane wata wakilan Gwamnatin Tarayya da na jihohi sukan zauna, galibi a Abuja, domin raba kuɗin shiga na ƙasa. Babban kaso na kuɗin nan daga ɗanyen mai yake fitowa, farashin mai kuwa ba a Nijeriya ake yanka shi ba. Saboda haka albashin malamin makaranta a Argungu yana rataye da kasuwar da bai taɓa gani ba.

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka soma fitar da shi a 1958. Da farashinsa ya hau a 1973 sai aka yi wa noma riƙon sakainar kashi. Fari da cutar gyaɗa suka ƙarasa sauran, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace.

Shekaru da dama Amurka ce babbar mai sayen manmu. Daga baya ta ƙware wajen tatso nata daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, har ya zamana a 2014 ta kusa daina saye daga gare mu. Mai ya yi yawa a kasuwa. Gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, a shekarar kuma tattalin arzikinmu ya ja baya. Yanzu Turai na cikin manyan masu saye, ga shi kuwa ta dukufa kan motoci masu aiki da lantarki. Ba gobe za a bar mai ba, amma wanda ya tsara shekaru ashirin a kansa kaɗai ya yi ganganci.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. Matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara tace fetur a 2024, kasuwar bai-ɗaya ta Afirka kuma ta buɗe tun 2021. Riɗinmu yana zuwa Japan, zoɓon Jigawa yana zuwa Meziko.

Sai dai mai saye na yau yakan auna kaya kafin ya biya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Don haka ana kira ga manoma da 'yan kasuwa su daina barbaɗa wa hatsi guba a rumbu, su busar da shi sosai, su tsince tsakuwa. Mai niyyar fitar da kaya waje ya fara yin rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, wadda hedkwatarta ke Abuja.